Binil Kulorayid: Iskar Gubar da Ke Zama Bututun Ruwanmu

Duk wanda ya taɓa sayen bututun famfo, ko wayar lantarki, ko silin na roba, ya san sunan PVC. Abin da ba kowa ya sani ba shi ne, fiye da rabin nauyin wannan roba ba daga man fetur ya fito ba, daga gishiri ya fito. Kashi 57 cikin ɗari na nauyin tsantsar PVC sinadarin kulorin ne, kuma daga gishiri irin wanda muke zubawa a miya ake ciro shi. Nan ne asalin arharsa, nan ne dalilin da wuta ba ta lashe shi da sauri kamar ledar kasuwa, kuma nan ne tushen yawancin matsalolinsa. Amma kafin gishiri da fetur su zama bututu, sai sun bi ta wani mataki na tsakiya, wani sinadari da ake kira binil kulorayid, wanda duniya ke samar da fiye da tan miliyan 40 nasa a shekara, alhali ba za ka taɓa ganinsa a shago ba.

Binil kulorayid iska ce marar launi. Ƙwayarta ƙarama ce ƙwarai: kabon biyu, haidirojin uku, kulorin ɗaya. Tana tafasa tun a digiri 13 ƙasa da sifili, wato a yanayinmu ba ta zama ruwa sai an matse ta cikin tanki kamar yadda ake yi wa gas ɗin girki. Ta ninka iskar da muke shaƙa nauyi, saboda haka in ta zuba ba ta tashi sama ta watse, sai ta kwanta a ƙasa, ta bi kwata da ramuka tana neman wuta. Da zarar ta kai kusan kashi 4 cikin ɗari na iskar ɗaki, tartsatsi ɗaya ya isa. Tana da ɗan ƙamshi mai zaƙi-zaƙi, sai dai hanci ba ya jin sa sai ta kai wajen kashi 3,000 cikin miliyan, alhali dokar Amurka a yau ba ta yarda ma'aikaci ya wuni cikin fiye da kashi 1 cikin miliyan ba. Ke nan wanda ya ji ƙamshinta ya riga ya shaƙi abin da ya ninka iyaka sau dubbai.

Abin da ya sa masana'antu suka ƙwallafa rai a kanta shi ne igiyar da ke tsakanin kabon biyun nan, wadda ninki biyu ce. In aka ɓalle ɗaya, ƙwayar sai ta kama maƙwabciyarta, ita ma ta kama ta gaba, har ɗaruruwa ko dubbai su jeru kamar 'ya'yan carbi a zare ɗaya. Wannan jerin shi ne PVC. Iska mai guba da saurin kama wuta ta koma farin gari wanda ruwa ba ya narkarwa, tsatsa ba ta ci, gara ba ta taɓawa.

An daɗe da sanin sinadarin kafin a san amfaninsa. Wani Bafaranshe, Henri Victor Regnault, shi ya fara haɗa shi a 1835 a ɗakin binciken Justus von Liebig a Jamus. A 1872 Eugen Baumann ya bar shi cikin kwalba a rana, ya dawo ya tarar da wani farin abu ya daskare a ciki. Fritz Klatte ya gano hanyar samar da shi da yawa a 1912, amma robar da ta fito ta yi tauri da gautsi, in an ɗumama ta sai ta ƙone kafin ta narke, har kamfaninsa ya gaji ya saki haƙƙin mallakar. Sai a 1926 Waldo Semon na kamfanin B.F. Goodrich a Amurka, yana neman gam ɗin da zai manne roba da ƙarfe, ya gano cewa in aka dafa garin da wasu ruwaye masu maiƙo yana yin laushi. Yaƙin Duniya na Biyu ya ƙarasa aikin: roba ta itace ta yi wuya, aka koma lulluɓe wayoyin jiragen ruwan yaƙi da PVC.

Yadda ake samar da shi a yau hanya biyu ce, kuma zaɓin hanya ya danganta ne da abin da ƙasa ke da shi a ƙarƙashinta.

Dukkansu daga gishiri suke farawa. Ana narka shi a ruwa, a ratsa shi da wutar lantarki mai yawa, sai ya rabu: iskar kulorin a gefe ɗaya, soda mai ƙuna, irin wadda masu sabulu ke saye, a ɗaya gefen. Duk tan ɗaya na kulorin yana zuwa da tan ɗaya da ɗan ɗori na soda, ko ana so ko ba a so. Soda tana ajiyuwa, ana iya loda ta a jirgi zuwa ko'ina. Kulorin kuwa ba ya ajiyuwa cikin sauƙi, guba ce da aka yi yaƙi da ita a 1915, babu mai son tara ta a bayan gari. Dole a nemo inda za a zuba ta nan take, kuma babu mazubin da ya kai PVC girma. Shi kaɗai yana shanye wajen kashi ɗaya cikin uku na kulorin da duniya ke samarwa. Shi ya sa farashin soda da na bututu suke ɗaure da juna ta hanyar da mai sayen sabulu ba zai taɓa zato ba.

Hanya ta farko, wadda Amurka da Turai da ƙasashen Larabawa masu mai ke bi, ta iskar etilin ce, wadda ake samu daga fasa man fetur ko iskar gas. Ana haɗa etilin da kulorin su ba da wani ruwa mai nauyi, etilin daikulorayid. Sai a tura ruwan cikin bututan tanderu mai zafin digiri 500, ya tsage biyu: binil kulorayid, da iskar asid mai ɗauke da rabin kulorin ɗin da aka zuba. A nan ne injiniyoyi suka nuna basira. Maimakon a zubar da wannan asid, sai a haɗa shi da sabon etilin da iskar oksijin a kan sinadarin tagulla, ya sake ba da ruwan farko, a mayar tanderu. Da haka kusan babu kulorin da ke salwanta, abin da ke fita daga wannan zagaye galibi ruwa ne. Na ce galibi, domin a wannan matakin ne ake samun ɗan ragowar datti mai ɗauke da dayoksin, ɗaya daga cikin mafi munin gubar da ɗan Adam ya sani, kuma ingancin masana'anta yana bayyana ne a yadda take ƙone wannan ragowar.

Hanya ta biyu ita ce tsohuwar hanyar Klatte, wadda kusan kowa ya bari amma China ta riƙe. China ba ta da isasshen mai, amma tana da kwal da farar ƙasa jibgi a yankunanta na arewa da yamma, irin su Xinjiang da Mongoliya ta Ciki. Ana gasa su tare a tanderun lantarki mai zafin kusan digiri 2,000 su zama kabayid. Wannan dai kabayid ɗin ne masu walda ke jefawa a ruwa ya ba su iskar hura wuta, shi ne kuma wasu 'yan kasuwa marasa tsoron Allah ke turara ayaba da mangwaro da shi don su nuna da wuri. Iskar da yake fitarwa, asetilin, ita ake haɗawa da asid ta zama binil kulorayid kai tsaye. Hanyar gajera ce, sai dai tana cin wuta ba kaɗan ba, kuma a tsarin da aka saba, haɗuwar ba ta yiwuwa sai da sinadarin zaiba a matsayin mai zaburarwa. Zaibar tana tsiyayewa a hankali, wata ta bi iska, wata ta maƙale a shara. Mafi yawan PVC na China ta wannan hanya ake yin sa, kuma China ce kan gaba a duniya wajen samar da shi, saboda haka bayan masu haƙar zinariya na gargajiya, babu sana'ar da ta kai wannan cin zaiba. Yarjejeniyar Minamata ta ƙasashen duniya kan rage amfani da zaiba, wadda aka sa wa hannu a 2013 ta fara aiki a 2017, ta nemi a rage zaibar da ake kashewa kan kowane tan da rabi kafin 2020. Abin dariya kuma, madadin da aka samu zinariya ce: binciken Farfesa Graham Hutchings na Jami'ar Cardiff ya nuna cewa ɗan ƙanƙanin zinariya a kan gawayi yana yin aikin da zaiba ke yi, kuma kamfanin Johnson Matthey ya kai fasahar masana'antu a China.

Mataki na ƙarshe shi ne mayar da iskar gari. Ana zuba ta a matse cikin wata ƙatuwar tukunyar ƙarfe mai cike da ruwa, ana juyawa har ta rarrabu ɗigo-ɗigo, a sa sinadarin da zai tayar da haɗuwar, a riƙe zafi wajen digiri 50 zuwa 60 na wasu sa'o'i. Kowane ɗigo sai ya zama ƙwayar gari. Wannan tukunya ita ce ta ci mutane.

Bayan kowane dahuwa, garin yakan manne a bangon tukunyar. A shekarun 1950 da 1960, mutum ake zurawa ciki da abin kankara a hannu ya kankare shi, yana shaƙar iskar da ta rage. Ma'aikata sukan fito suna tangaɗi kamar sun sha wani abu, ba mamaki, domin an taɓa gwada sinadarin a matsayin maganin sa barci a asibiti kafin a ga yana rikita bugun zuciya. Sannu a hankali aka lura yatsun masu kankara suna yin fari da sanyi, suna gajarcewa. Hoton asibiti ya nuna ƙashin kan yatsun yana narkewa. Kamfanoni sun san da wannan. A 1970 wani likita ɗan Italiya, Pier Luigi Viola, ya ba da rahoton ciwon daji a jikin ɓerayen da aka shaƙa wa iskar. Kamfanonin Turai suka ɗauki nauyin Cesare Maltoni a Bologna ya sake gwajin, kuma a 1972 ya ga wani nau'in ciwon daji na jijiyoyin jinin hanta a ɓerayen da suka shaƙi kashi 250 cikin miliyan, rabin abin da doka ta yarda mutum ya shaƙa a lokacin. An sanar da kamfanonin Amurka sakamakon bisa sharaɗin su yi shiru, suka kuwa yi shiru. A daidai wannan lokaci ana cusa binil kulorayid a gwangwanayen feshin gashi da na maganin ƙwari, mata masu gyaran gashi suna wuni cikinsa.

Asiri ya tonu ne a Janairun 1974, lokacin da B.F. Goodrich ya sanar cewa ma'aikata uku na masana'antarsa da ke Louisville a jihar Kentucky sun mutu da wannan ciwo na hanta. Likitan masana'antar, John Creech, shi ya haɗa lissafin. Ciwon ba kasafai ake ganinsa ba, ko a duk faɗin Amurka 'yan ƙalilan ne ke kamuwa a shekara, don haka uku a gida ɗaya ba abin da za a ce tsautsayi ba ne. Daga baya aka fahimci dalili: hanta ce da kanta, a ƙoƙarinta na sarrafa gubar, take mayar da ita wani sinadari da ke manne wa ƙwayoyin halitta ya gurɓata su. Kafin shekarar ta ƙare, an hana sa shi a gwangwanin feshi, hukumar kare lafiyar ma'aikata ta Amurka kuma ta sauko da iyaka daga kashi 500 cikin miliyan zuwa 1.

Abin da ya biyo baya ya fi komai jan hankalina a wannan tarihi. Masana'antu suka yi ca, suka ce wannan iyaka ba mai yiwuwa ba ce, za a rufe kamfanoni, miliyoyin mutane za su rasa aiki. Suka je kotu, suka sha kaye. Cikin 'yan shekaru kaɗan sai ga su sun rufe tukwanen ruf, sun ƙirƙiro wankin bango da ruwa mai ƙarfi ba tare da an zura mutum ba, sun samo maganin da ke hana garin mannewa, sun kuma koyi tsotse ragowar iskar daga garin da tururi su mayar da ita tukunya. Iskar da a da take tafiya huhun ma'aikaci ta koma kayan sayarwa. Kasuwar PVC ba ta mutu ba, ƙaruwa ma ta yi. A ganina duk lokacin da wani mai masana'anta ya rantse cewa kare lafiyar ma'aikatansa zai karya shi, ya kamata a tuna masa da 1974.

Tsotsewar nan da tururi ita ce kuma ta sa bututun da ke gidanka ba shi ne abin tsoro ba. Ragowar binil kulorayid a garin zamani kaɗan ne ainun. Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa iyakar maikirogiram 0.3 a litar ruwan sha, kuma bututu mai inganci ba ya kusantar wannan. In aka kwatanta da bututun ƙarfe mai tsatsa, ko na dalma da Turawa suka sha wuya da shi, PVC alheri ne ga talaka: mutum ɗaya zai saɓa tsawonsa a kafaɗa, a yanka shi da zarto, a haɗa da gam. Rijiyoyin burtsatse da suka cika garuruwanmu da shi ake zura musu bango. Mafi yawan PVC na duniya gini yake tafiya, bututu da tagogi da silin da shimfiɗar ɗaki, saura kuma ya bazu a wayar lantarki, jakar ƙarin jini da robar ƙarin ruwa a asibiti, katin cirar kuɗi, takalmin ruwan sama, tampol, da manyan allunan hotunan 'yan siyasa da ke rufe mana sararin sama duk lokacin zaɓe. Alamarsa a jikin kaya lamba 3 ce a cikin kibiyoyi uku.

Sai dai garin PVC ba ya aiki shi kaɗai, kuma tambayar da ta dace a yi wa kowane kaya ita ce me aka zuba masa. Dole a sa masa abin da zai hana shi ƙonewa a injin narkarwa, kuma shekara da shekaru mafi arha a wannan aiki shi ne sinadarin dalma. Masana'antun Turai sun daina amfani da shi a 2015, amma ba ko'ina aka daina ba. Mai laushin kuma, irin na waya da silifas da kayan wasan yara, yakan ɗauki ruwan laushi har kashi ɗaya cikin uku na nauyinsa ko fiye, kuma wannan ruwa ba ya ɗaure da robar, yana fita a hankali. Shi ya sa tsohuwar waya take bushewa ta tsattsage. Wasu daga cikin waɗannan ruwaye, musamman wanda ake kira DEHP, an taƙaita su a kayan yara a Turai da Amurka saboda illarsu ga haihuwa. Masana'antun roba na Kano da Legas gari suke shigowa da shi a buhu su narka. A Afirka, Masar da Afirka ta Kudu ne ke da manyan masana'antun yin garin. Wato haɗarin tukunya ba namu ba ne, amma zaɓin abin da za a gauraya namu ne, kuma a nan ya kamata masu sa ido kan ingancin kaya su tsaya.

Iskar kanta har yanzu tana yawo a kan layin dogo. Ranar 3 ga Fabrairun 2023, jirgin ƙasa na kamfanin Norfolk Southern ya kauce a garin East Palestine na jihar Ohio, bayan wani ƙarfen ƙafarsa ya yi zafi ya lalace. Tarago 38 suka faɗi, biyar daga ciki tankokin binil kulorayid ne. Bayan kwana uku, da tsoron kada sinadarin ya fara daskarewa ya zama roba a ciki, zafin da hakan ke tayarwa ya fasa tanki, aka kwashe mutanen gari, aka huda tankokin biyar, aka zuba abin a rami aka cinna masa wuta. Baƙin hayaƙin da ya tashi duniya ta gan shi. Daga baya hukumar binciken haɗurran sufuri ta Amurka ta ce ƙonawar ba ta zama dole ba: zafin tankin da ake tsoro raguwa yake yi, kuma ƙwararrun kamfanin da ya yi sinadarin sun faɗi cewa ba sa ganin alamar daskarewa, amma maganarsu ba ta kai kunnen waɗanda suka yanke hukunci ba. Kamfanin jirgin ya amince ya biya mazauna yankin dala miliyan 600.

Abin da mutanen Ohio suka shaƙa rana ɗaya, akwai masu shaƙar danginsa kullum a wajenmu, kuma a nan gizo ke saƙar. Kulorin da aka ɗaure cikin roba yana nan lafiya muddin ba a kai shi wuta ba. Dubi mai aikin famfo in ya rasa mahaɗi: sai ya kunna kwali, ya riƙa juya bakin bututu a kan harshen wutar har ya yi laushi, ya cusa ɗaya a ciki. Laushin yana farawa tun wajen digiri 80. In ya ɗan jima, bakin ya yi ruwan kasa, wani wari mai yaji ya daki hanci, ido ya kawo ruwa. Wannan asid ne ke fita, kulorin ya fara kwancewa. Nasa kaɗan ne, a fili kuma yake. Na masu ƙona waya ya fi haka nesa ba kusa ba.

Je bayan kowace kasuwar 'yan gwangwan da yamma. Za ka ga yara sun tara wayoyi a dunƙule, sun ɗora kan tsohuwar taya ko soson firji, domin robar wayar ba ta ci da kanta sai an ba ta abin da zai riƙe wutar. Suna juya dunƙulen da sanda, harshen wutar yana fitowa kore shar. Koren nan shaidar haɗuwar tagulla da kulorin ce, har masu ilimin sinadarai suna amfani da ita a ɗakin gwaji don gane ko abu na da kulorin. Kuma wannan haɗin, tagulla da kulorin da wuta marar ƙarfi mai hayaƙi, shi ne daidai yanayin da dayoksin ya fi samuwa. Ba ya ruɓewa da wuri. Yana sauka a ƙasa, kaji su tsattsaga, awaki su yi kiwo, ya taru a kitse da ƙwai da nono. A Agbogbloshie ta birnin Accra, inda galibin masu wannan aiki 'yan ci-rani ne daga arewacin Ghana, gwajin da aka yi wa ƙwan kajin da ke yawo a wurin ya nuna dayoksin da ya ninka iyakar Turai sau da yawa. Hukuma ta rushe wurin a 2021, amma an gudu ne ba a tsira ba, domin masu ƙonawar sun watsu ne zuwa wasu unguwanni da sana'arsu.

Korar yaran nan ba za ta kashe wutar ba muddin tagulla na da kuɗi. Abin da ke kashe ta shi ne injin fere waya, ƙaramin abu mai wuƙa da ake juyawa da hannu ko da ɗan mota, wanda ke tsaga robar ya bar tagullar tana ƙyalli. Tagullar da ba ta ga wuta ba ta fi ƙonanniya daraja a wajen dillali, robar da aka fere kuma masu silifas da tiyo suna iya niƙa ta su sake narkawa. Inda injin ke gazawa shi ne siraran wayoyi irin na cikin mota da kwamfuta, waɗanda fere su ɗaya-ɗaya ba ya biyan wahala. Su sai injin niƙa mai raba tagulla da roba, wanda ya fi ƙarfin aljihun yaro ɗaya amma bai fi ƙarfin ƙungiyar 'yan kasuwa ko ƙaramar hukuma ba. Haka ma asibitocin da ke tara robobin ƙarin ruwa da jakunkunan jini su cinna musu wuta a rami bayan ɗakin haihuwa: hayaƙi iri ɗaya suke yi da na 'yan gwangwan, sai dai su a cikin gari suke, kusa da tagogin marasa lafiya.